Ki Ce a Tsaya, Ummi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ajiyar da Allah Ya ba ki. Ya jikin? Ya sanyin Gembu? Mu nan Haɗeja sai godiya. Ruwa ya fara ja da baya a fadama, Babanki kuma kullum yana bakin shinkafarsa yana faɗa da tsuntsaye. Amma ba labarin gida na zauna in ba ki ba.

Jiya a waya kin ce hutun maigidanki kaɗan ne, don haka yana so ku taso da asuba ku miƙe hanya, in ya gaji ya ɗan runtsa a mota, har ku iso. Na ce ke fa, da cikin wata bakwai? Kika ce, "Ba komai Inna, zan iya." Wallahi sai da na ajiye muciyar da ke hannuna. Lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muryata na ji a bakinki, kuma na san inda wannan "ba komai" ta kai ni.

In na fara magana a waya, "to Inna, to Inna" kike yi har sabis ya ɗauke. Takarda ba ta ɗaukewa. Zan ɗauki hotonta in turo miki, ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake.

Kin san a hanya aka haife ki, don ƙannenki sun sha tsokanarki da haka. Yadda abin ya faru ne ban taɓa zama na faɗa miki ba. Lokacin Babanki yana aikin malamin gona a Nguroje, muna katanga ɗaya da iyayen maigidanki. Shi wannan da kike wa "Yallaɓai" yanzu, lokacin yawo yake da majina yana bin kajina. Da cikina ya tsufa aka ce a kai ni gida goyon ciki, kamar yadda za a kawo ki yanzu. Babanki ya aro a-kori-kura wajen wani abokinsa, muka sa ranar tashi.

Ranar tafiyar na tsiri sallama. Gida-gida na bi, wannan ta ba ni man shanu, waccan ayaba, wata ta zaunar da ni sai na sha shayi. Babanki yana ta danna ham, ni kuwa ina ta "ku yafe ni". Ba mu tashi ba sai bayan azahar. Ban damu ba, don ni 'yar fadama ce, a wajenmu in ka hango rimin gari to ka isa. Na ɗauka saukar dutsen Mambila kamar zuwa Kirikasamma ne, nan kusa da gida. Muna fara gangara gajimare ya sauko ya zauna a kan titi, ko hancin motar ba ma gani. Babanki ya leƙo da kai ta taga yana tuƙi kamar mai tura baro, yana salati a fili.

To ki ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gama sallamarki tun ana jibi, kaya su kwana a mota. Ku bari rana ta fito sosai sannan ku tashi, yadda hantsi zai same ku a gangaren. Kafin nan maigidanki ya je tasha ya tambayi direbobin da suka hawo jiya, ina ƙasa ta zabtare, wace gada ce ta yi rauni, ina ne ba a bi da yamma. Matambayi ba ya ɓata. Zancen birki da giya kuwa ba ni zan koya masa ba, a kan tsaunin aka yanke masa cibiya.

Can tsakiyar gangaren gajimaren ya yaye. Babanki ya samu wuri mai faɗi ya tsaya, ya ce, "Ke, buɗe ido ki ga ikon Allah." Na ce ba zan buɗe ba. Na dunƙule cikin mayafi ina karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar cin abinci sai da na yi. Ya ce duniya ce shimfiɗe a ƙasa, daji kore shar har ƙarshen gani, koguna suna walƙiya a ciki, gajimare kuma a ƙarƙashin ƙafarmu. Na ce ya gani shi kaɗai. Har gobe in muka yi saɓani sai ya ce, "Me kika sani, ke da kika sauko Mambila ido a rufe?" Kuma gaskiyarsa ne, na yi asara.

Ke kada ki yi irin tawa. Ki kalli gonar shayi kafin ku bar saman, ki kalli shanun da ke kiwo a gefen tuddai ba su faɗo ba. A gangaren, duk inda aka samu fili mai aminci ki ce a tsaya. Ki fito ki miƙe ƙafa, ki sha iska, ki yi tasbihi. Tsayawar magani ce ga mai ciki, kallon kuma riba. Ki ɗauko min hoton wurin, ko na samu bakin rama wa Babanki.

Muka sauko Mayo Selbe, garin da ke gindin dutsen, rana ta yi sanyi. A lokacin bayana ya fara riƙewa. Muka tsaya cin abinci wajen wata dattijuwa mai tuwo. Ta ajiye min kwano, ba fuskata ta kalla ba, ƙafafuna ta kalla.

Ta ce, "Yarinya, ƙafar nan taki ta kumbura. Ku kwana nan, ɗakin 'yata ba kowa, ta yi aure."

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Iya, mun gode, ba komai."

Babanki ya ce, "Kin tabbata?"

Na ɗaga kai. Ina zan iya cewa na gaji a gaban miji da baƙuwar fuska? A gidanmu ko cikin ma ba a yarda akwai shi, sai dai a ce "ba ta jin daɗi". Dattijuwar ta bi mu har mota da ƙullin gyaɗa tana cewa, "Allah Ya raba lafiya." Ban ko tambayi sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Sai bayan magariba muka shiga Serti. Wanda ya iso da duhu ba ya zaɓen masauki, abin da ya samu shi ne nasa. Wani ɗaki muka samu a bayan tasha, tabarma ɗaya, ba ruwa, ƙofar da dutse ake tokare ta. Sauro kuwa, ni da na tashi a bakin kogin Haɗeja na ɗauka na san sauro, ashe ƙannensu na sani.

Don haka ga dokata, kuma ba shawara ba ce: la'asar ta same ku a garin da za ku kwana. Kwanan farko kada ku wuce Serti, ko da kuna jin ƙarfi. Yanzu akwai gidajen saukar baƙi, na sani, kuma ku yaran zamani a waya kuke duba su. Hoto ba ya wari, Ummi. Ki shiga da ƙafarki. Kafin ki kalli gado ki leƙa banɗaki, ki murɗa famfo ki ga ko da ruwa. Ki duba sakatar ƙofa, ki duba gidan sauro, ko da yake gara ki taho da naki. Mota ta kwana cikin gida, ba bakin titi ba. In kuna neman wanda zai nuna muku wurin kirki, ki tambayi mata masu sayar da abinci, su ne suka san gidan da mace mai mutunci za ta kwana da wanda ba za ta kwana ba. Shi kuma in ya je masallaci ya tambayi dattawan sahun gaba. Kowane gari kuka sauka, kafin ku kwanta ku san inda asibiti yake, katin awonki kuma ya zauna a jakar hannunki, ba ƙasan akwati ba. In kuwa mutanen kirki suka yi muku tayin ɗaki, hankalinku ya kwanta da su, ku karɓa. Ki ware ganyen shayi da piya a kusa don irin wannan, ba a barin gidan da aka kwana hannu rabbana.

Washegari muka kama hanyar Bali. Da rana ta take muka iso wani rafi a gefen hanya, yashi fari tas, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Na ce mu sauka mu yi alwala mu ci abinci. Babanki ya kalli wajen duwatsu ya ce sama ta yi baƙi a can. Na yi dariya na ce, "Haba Malam, ni za a gaya wa ruwa? Wannan ai bai kai kwatar gidanmu ba." Kin san ruwanmu na Haɗeja mai ladabi ne, aike yake yi kafin ya zo. Sai a ji labarinsa tun daga wajen Kano, a cika buhuna da yashi, a gyara jinga, a kwashe awaki, sannan ya iso a hankali. Na baje kwanukana a kan yashi. Muna salla a kan gaɓa muka ji ƙugi. Kafin mu sallame, jan ruwa ya cika rafin da itatuwa a kansa, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Ya tafi da kwanukan aurena, da man shanun, da takalmina ƙafa ɗaya. Na tsaya riƙe da ɗayan ina kallo. Allah Ya sa salla ta hau da mu tudu, da yanzu wani zancen ake yi.

Ruwan dutse ba ya sallama. Kada ku zauna a cikin rafi komai bushewarsa, kada ku ajiye mota a kwari. In kuka tarar ruwa ya hau kan titi ku jira tare da masu jira, ba gasar jarumta ake yi ba.

Yanzu ga wanda ya fi duka, shi ya sa na ɗauki biro.

Tun daga rafin nan ciwon ya sauko mini mara. Yana zuwa yana tafiya. Titin duk ramuka, kowane rami sai na ji kamar a tsakiyar bayana motar ta faɗa. Na cusa bakin mayafi a baki na cije. Babanki yana waiwayowa yana cewa, "Lafiya dai?" ina cewa, "Lafiya lau." Ya ce ko mu tsaya? Na ce mu dai je. A raina ina cewa haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, in na haihu a hanya me za a ce a Haɗeja? Kuma ta ina zan buɗe baki in gaya wa namiji ina naƙuda? Haka na yi ta haɗiye abina har faya ta fashe a cikin motar mutane.

Babanki ya taka birki a wani ɗan ƙauye kafin Bali. Ban taɓa ganinsa haka ba, ya fita ba hula yana kiran "Jama'a! Jama'a!" Wata mata tana shanya rogo a bakin titi, ta watsar da tiren ta taho da gudu. Ita ce Mama Saratu da kike jin muna ambata. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, ba ta taɓa ganinmu ba. Ta leƙo ta dube ni sau ɗaya.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun jiya bayana yake ciwo."

Ta tafa hannu ta ce, "Tun jiya! Ke, kunya ce za ta haifa miki ɗan?" Ta juya kan Babanki ta ce, "Kai kuma idonka na ado ne?"

Ta ciccibe ni ita da wata maƙwabciyarta zuwa ɗakinta, ta aika a kira ungozoma. Kafin rana ta faɗi kin zo. Kin zo 'yar mitsitsiya, wata bai cika ba, kuma ba ki yi kuka ba. Ummi, shirun nan ban taɓa jin abu mai nauyinsa ba. Ina kwance ina kallon rufin ciyawa ina cewa, Ya Allah, bakina ne ya jawo, kada Ka kama yarinyar nan da laifina. Mama Saratu ta kife ki a tafin hannunta tana murza bayanki tana yi miki faɗa da yarensu. Can sai kika tsanyara kuka. Daga waje na ji Babanki ya fashe da kuka, ya rasa ma ta inda zai fara yi miki kiran salla a kunne.

Ta ɗora ki a ƙirjina, fata da fata, ta naɗe mu da zanenta na zuwa coci. Da safe ta raka mu asibitin Bali aka duba mu, ta kuma ce ba inda za mu da jaririya kamar ɗan tsako, mu koma gidanta. A can muka zauna har aka yi suna, har kika yi ƙwari. Ta sayo sabuwar tukunya don mu ci ba tare da shakka ba. In za a yanka kaza sai ta miƙa wa Babanki wuƙa. Ta tambaye ni yadda muke wankan jego, ta riƙa tafasa ruwa safe da yamma tana yi min da ganye, tana mita wai mu Hausawa dafa mutum muke yi da ransa. Mijinta ya share wa Babanki gindin mangwaro ya ce ga masallacinsa nan. Duk abin da uwata za ta yi min, matar nan ta yi. Ban san da bakin da zan gode wa Allah da Ya ajiye ta a bakin titin nan ranar ba.

Tana nan da ranta, ido ne kawai ya yi rauni. Ɗanta yakan kira Babanki da salla, Babanki ya kira shi da Kirsimeti, in an samu mota kuma ina aika mata bandar kifi. Babanki zai kwatanta wa maigidanki gidan. Kada ku wuce. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ke ce ɗan tsakon. In ta miƙo hannu za ta taɓa cikin, kada ki noƙe, ta riga kowa taɓa ki a duniya.

Sauran hanyar da ke a hannu na yi ta, a hankali, ido a buɗe, kuma ita ce tafiya mafi daɗi da na taɓa yi. Kwana na biyu ku yi shi a Jalingo, gari ne babba, akwai asibiti akwai masauki. Daga nan zafi zai fara, maigidanki ɗan sanyi zai fara haɗa gumi, ki riƙa ba shi ruwa kina sha ke ma. A gadar Numan ku rage gudu ki kalli Binuwai. Ni da na gan shi sai na ji kunyar yadda nake cika baki da kogin garinmu. Wajen Kaltungo akwai wani dogon dutse mai tsini shi kaɗai, za ki daɗe kina ganinsa kamar yana raka ku. A Gombe ku sauka gidan Goggonki, na riga na gaya mata, in kuka kama ɗakin haya a garin nan ba za ta yafe mana ba. Daga Azare kuma ku kira Babanki ya faɗa muku hanyar da ruwa bai ci ba bana. Da kin ga ƙasa ta kwanta, shinkafa ta ko'ina, farar balbela a bayan shanu, masu kwalekwale suna duba komar kifi, to kin shigo gida.

Wannan sakin layin ki karanta wa maigidanki, don ni ba zan iya faɗa masa ido da ido ba. Ɗana, na gode da za ka kawo min ita da kanka, Allah Ya yi maka albarka. Amma matarka irin gidanmu ce. In ta ce ba komai, to akwai komai. Kada ka tambaye ta ko a tsaya, ka tsaya kawai ka ce kai ne ka gaji. Hutu in ya ƙare ana roƙon wani. Sauri kuwa shi ya haifi nawa. Kuma kafin ku sa rana ku koma wajen likitarta, in ta ce tafiyar nan ba ta yiwuwa, maganarta ta fi tawa.

Ke kuma Ummi, na san ni na koya miki shirun nan. Kin tashi kina ganin ina zazzaɓi ina tuƙa tuwo. Kunya ado ce, ban ce ki yar ba, ki yi ta a gaban surukai da baƙi. Amma ba a yin ta da ciwo. In bayanki ya riƙe ki faɗa. In fitsari ya matse ki ki faɗa, ko yanzu aka tashi. In kin ji motsin ya ragu, ko kin ga abin da ba ki gane ba, ki faɗa da ƙarfi, a juya mota zuwa asibiti mafi kusa, ba Haɗeja ba. Ni Allah Ya rufa min asiri Ya ajiye min Mama Saratu. Ba kowane bakin titi ne yake da irinta ba.

Na gyara miki ɗaki, an kawo itacen wanka, na tanadi kanwa da gero. Ina ɗokin ganinki fiye da yadda ya kamata uwa ta faɗa wa 'yar fari, amma yau na faɗa. Duk da haka ki saurare ni da kyau. In kika isa wani gari jikinki ya ce ya isa, ki zauna a nan. In ma tun daga Gembu kika ji ba za ki iya ba, kada ki taso. Masu cewa haihuwar fari sai a gida, ki bar ni da su, bakina ya fi nasu. Na haɗa jakata tana bayan ƙofa, na kuma gaya wa Babanki ya nemi mai tsare masa tsuntsaye. Tun da na sauko dutsen nan na ce ni da shi har abada, amma kira ɗaya za ki yi in hawo. Gara in zo in same ki kina shan kunun kanwa a ɗakin wasu, da a kawo min ke ƙofar gida a kwance.

Babanki yana gaishe ku, ƙannenki ma haka. Ki gaishe min da surukanki, ki ce ban manta katangarmu ba.

Allah Ya tsare hawanku da saukarku. Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Ya haɗa ku da mutanen kirki a duk inda rana ta faɗa muku, Ya sauke ki lafiya a inda Ya zaɓa miki, Ya sa in ji kukan jikana da kunnena. Na ba wa Allah ajiyarku, Shi ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.